Tunani baƙo ne: darasin Ebagar na hamadar Masar

Akwai sa'ar da kasuwa ta tashi, an rufe rumfuna, gida ya yi tsit, amma ɗan kasuwa yana kwance idonsa biyu. Kayan da yake jira ba su iso ba, wanda ya ba shi bashi kuwa ya fara aiko yaro. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma kafin zakara ya yi cara zuciya ta riga ta ɗora gini a kai: kaya sun salwanta, jari ya karye, za a sayar da gida, iyali za su watse, abokan da ake cin tuwo tare za su riƙa sauya hanya in sun hango shi. Hakanan ma'aikacin da shugabansa ya wuce shi a ƙofar biro bai amsa gaisuwa ba. Kafin a tashi aiki ya gama sallamar kansa da kansa, ya ɗaure kaya, ya ga kansa a ƙauye yana neman rancen hatsi. Da safe mota ta iso da kayan, shugaba kuma ashe haƙori ke masa ciwo, amma daren da aka rasa ya tafi, kuma wani lokaci an riga an faɗi maganar da ba ta maiduwa.

Wannan cuta ta mugun tunani tsohuwa ce. Cikin mutanen farko da suka zauna suka yi mata nazari a rubuce, suka rarrabe ire-irenta, suka tsara maganinta, akwai wani malamin addinin Kirista da ya zauna a hamadar Masar shekaru fiye da 1600 da suka wuce. Sunansa Ebagar, wanda littattafan Faransanci ke rubutawa Évagre.

An haife shi wajen shekara ta 345 a garin Ibora, cikin lardin Fontus, kudu da Baƙin Teku, a ƙasar da a yau ake kira Turkiyya. Mahaifinsa limamin majami'a ne. Ya yi karatu mai zurfi, ya tashi a hannun manyan malaman zamaninsa biyu, Basil na Kaisariya da Girigori na Naziyanzu. Na biyun ne ya naɗa shi dikon, watau mataimakin limami, a babban birnin daular Rumawa ta gabas, wanda yanzu ake kira Santambul. A shekara ta 381, lokacin da aka yi babban taron shugabannin majami'u a birnin, Ebagar saurayi ne mai kaifin harshe, mai son tufafi masu kyau, wanda ake kira in muhawara ta yi zafi. Duk wanda ya gan shi ya san gaba ta buɗe masa.

Sai zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum, ita ma ta kamu da sonsa. Almajirinsa Faladiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin cewa wata rana ya yi mafarki sojoji sun kama shi, sun sa masa sarƙa, sai wani ya zo masa da siffar aboki ya sa shi rantsuwa bisa Linjila cewa zai bar garin. Da ya farka ya ce rantsuwa rantsuwa ce ko cikin barci aka yi ta. Ya kwashe kayansa ya shiga jirgin ruwa, ya nufi Birnin Ƙudus wajen shekara ta 382.

Can wata attajira Barumiya mai suna Melaniya, wadda ta bar dukiyarta ta kafa gidan ibada a Dutsen Zaitun, ta sauke shi. Ba a daɗe ba ya koma halinsa na ado da son a gani. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi wata 6, masu magani suka rasa kansa. Melaniya ta zo ta zauna kusa da shi, ta ce wannan doguwar jinya ba ta gamshe ta ba, ya faɗa mata abin da ke cikin ransa. Ya kwashe labari duka ya faɗa mata. Ta sa ya yi alkawarin shiga zuhudu, kuma cikin ƴan kwanaki ya miƙe. A shekara ta 383 ya tafi Masar.

Ya yi shekara 2 a Nitiriya, kudu da Iskandariya, inda Faladiyus ya ce akwai ruhubanawa, watau masu zuhudu, kimanin 5000. Daga nan ya ƙara nutsawa cikin hamada zuwa wani wuri da ake kira Keliya, ma'ana ɗakuna. An gina ɗakunan nesa da juna yadda maƙwabci ba ya jin muryar maƙwabcinsa, ba a haɗuwa sai Asabar da Lahadi a majami'a. Nan ya yi shekara 14, yana cin abinci da sana'ar kwafar littattafai domin yana da kyan rubutu, har ya rasu a farkon shekara ta 399. A shekara ta 1964 wani masani Bafaranshe, Antoine Guillaumont, ya gano kufan Keliya a ƙarƙashin rairayi, aka yi ta tono ana fito da ɗakunan.

Mutumin da ya bar birni domin ya tsere wa fitina ya tarar a hamada babu mata, babu kasuwa, babu fada, amma fitinar tana nan daram, domin ta biyo shi cikin kansa. Ya lura cewa mutanen gari da abubuwa ake jarraba su, mai zaman kaɗaici kuwa da tunani ake jarraba shi, kuma yaƙin tunani ya fi wuya, tun da zuciya ta fi hannu saurin motsi. Sai ya mai da ɗakinsa wurin bincike. Ya yi ta lura da abin da ke zuwa masa, yana tambayar dattawan hamada abin da ke zuwa musu, musamman malamansa biyu masu suna Makariyus, har ya tattara miyagun tunani duka ƙarƙashin kawuna 8: haɗamar ciki, sha'awar fasiƙanci, son dukiya, baƙin ciki, fushi, ƙosawa, son yabo, da girman kai. Ya bayyana su cikin wani ƙaramin littafi mai babi 100 da ake kira Praktikos.

Ginshiƙin koyarwarsa yana cikin farkon wannan littafi, kuma gajere ne. Zuwan tunani ba a hannun mutum yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne ko tunanin zai daɗe, da ko zai tayar masa da zuciya har ya kai ga aiki. Wannan ƙa'ida ta sauke wa mutane kaya mai nauyi, domin da yawa cikin masu ibada suna ɗaukar cewa da zarar mugun abu ya gilma musu a rai sun riga sun yi zunubi, sai su ƙara baƙin ciki bisa baƙin ciki. Ana ba da labarin wani dattijon hamada, Abba Bimen, wanda wani ƙaramin mai zuhudu ya zo masa yana kukan tunani sun yi masa yawa. Dattijon ya fitar da shi fili ya ce ya buɗe ƙirjinsa ya kama iska. Yaron ya ce ba zai iya ba. Dattijon ya nuna masa cewa haka ba zai iya hana tunani zuwa ba, aikinsa kawai ya tsaya musu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma aka kawo masa ruwa da tuwo, shi ke zama har ya fara rabon ɗakuna a gidan.

Wanda ya karanta yadda Ebagar ya siffanta son dukiya zai yi mamaki, domin bai yi zancen zinariya ko gidaje ba. Ya ce wannan tunani tsoro yake sa wa mutum. Yana nuna masa doguwar tsufa, da ranar da hannuwa za su kasa aiki, da yunwar da za ta zo, da cututtuka, da ɗacin talauci, da kunyar miƙa hannu ga wasu. Mutanen da yake wa magana ba su mallaki komai ba sai tabarma da tulu, amma ga shi fargabarsu ita ce ta attajirin da ke ƙidaya buhuna da ta ma'aikacin da ke lissafin shekarun da suka rage masa kafin ritaya. Baƙin ciki kuma, in ji shi, yana zuwa ta ƙofa biyu: ko mutum ya rasa abin da ya sa rai a kai, ko kuwa ya biyo bayan fushi. Yakan fara da tuna wa mutum gida da iyaye da daɗin da ya wuce, in ya ga an saki jiki sai ya tunasar da shi cewa duk wannan ba zai dawo ba. Fushi kuwa yakan jira sai an tsaya addu'a, sa'an nan ya kawo fuskar wanda ya yi wa mutum laifi ya kafa ta a gabansa.

Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne na shida, wanda Girkawa ke kira akediya, watau ƙosawa ko mutuwar zuciya. Ya yi masa laƙabi da shaiɗanin tsakar rana, sunan da aka samo daga Zabura ta 91. Yakan zo tun daga hantsi, wajen ƙarfe 10, ya tsare mutum har wajen ƙarfe 2. Da farko yakan sa a ga kamar rana ta tsaya cik a sama, yini ya zama kamar awa 50. Mutum ya yi ta leƙa taga, ya fita ya dubi rana, ya duba ko wani na tafe. Daga nan sai ya ji ya tsani wurin da yake, ya tsani aikin hannunsa, ya ce zumunci ya ƙare a tsakanin ƴan'uwa, babu mai kula da shi. In wani ya ɓata masa rai a kwanakin baya, sai a haɗa da wannan. Ƙarshe tunanin ya nuna masa wani gari inda sana'a ta fi sauƙi, ta fi riba, ya ce masa ai Allah yana ko'ina. A wani rubutun Ebagar ya zana irin wannan mutum yana karatu: ya yi hamma, ya murza ido, ya ƙidaya shafukan da suka rage, ya kushe rubutun, daga bisani ya rufe littafin ya yi matashi da shi. Duk wanda ya taɓa zama a biro cikin zafin bazara, takardu jibge a gabansa, ya san wannan baƙo ko da bai san sunansa ba.

Maganin da ya tsara yana farawa da tsaron ƙofa. Cikin wata wasiƙa ya shawarci mai karɓarta ya zama mai gadin zuciyarsa, kada ya bar wani tunani ya shige sai ya tambaye shi ko na gida ne ko na abokan gaba. Ya kuma ce a lura da su kamar yadda manomi ke lura da sama: wane ne ke zuwa da wane lokaci, wane ke biyo bayan wane, yaushe suke tsananta, yaushe suke sassautawa. Amfanin wannan a fili yake. Mutumin da ya ce a ransa shi ya lalace, ya riga ya zama ɗaya da tunanin. Wanda ya ce ga tunanin nan na tsoron talauci ya dawo, kamar yadda ya saba zuwa in an yi kwana biyu babu ciniki, ya riga ya ja baya taki ɗaya, yana kallon abin daga waje.

Mataki na biyu shi ne mayar da amsa. Wani mai zuhudu mai suna Lukiyus ya roƙe shi ya rubuta masa abin da zai riƙa faɗa in tunani sun taso. Ebagar ya bi Littafi Mai Tsarki tun daga farko har ƙarshe, ya tsamo ayoyi kusan 500, ya raba su kashi 8, kowace aya ya sa ta gaban takamaiman tunanin da take rushewa. Littafin ana kiransa Antirrhetikos, ma'ana mai mayar da magana. Ya ce daga wurin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya ɗauko dabarar. Linjilar Matiyu da ta Luka sun ba da labarin cewa bayan ya yi azumin kwana 40 a jeji Shaiɗan ya jarraba shi sau uku, kuma kowane karo bai tsaya jayayya ba, sai ya mayar masa da aya guda daga littafi na biyar na Attaura. Hikimar da ke ciki ita ce, mutum a tsakiyar dare ba shi da ƙarfin ƙirƙiro hujja, kuma in ya shiga doguwar muhawara da tunanin, tunanin ne zai yi nasara, domin ya fi shi naci. Amsar dole ta zama gajera, an tanade ta tun da rana, kuma ta fito daga bakin da ya fi na mutum ƙarfi. Kiristan da tsoron gobe ya kama yakan tuna inda Linjila ta yi misali da tsuntsayen da ba su da rumbu amma ana ciyar da su. Ga mai ƙosawa kuwa Ebagar ya ba da shawara mai ban sha'awa: ya raba ransa biyu, rabi ya zama mai lallashi, rabi wanda ake lallashi, kamar yadda mai Zabura ta 42 ya juya yana tambayar ransa dalilin karayarsa, yana umartarsa ya sa zuciya ga Allah.

Mataki na uku shi ne a zauna. Ya hana mai zuhudu barin ɗakinsa a lokacin da jarraba take kansa, komai kyan hujjar da ta zo masa. Dalili kuwa shi ne, shawarar da aka yanke cikin wannan hali shawarar baƙon ce, mai gida sa hannu kawai ya yi. Mutane nawa ne suka ajiye aiki, ko suka karyar da kaya, ko suka raba jari da abokin shekaru, a cikin sa'ar da da sun jira la'asar da sun ga abin daban? Zaman kuma yana tafe da aiki mai ma'auni: mutum ya ɗibar wa kansa gwargwadon abin da zai yi, kada ya tashi sai ya kammala. Labari na farko cikin tarin labaran dattawan hamada game da wannan yake. Abba Antoniyus, wanda ake ɗauka uban ruhubanawa, ya rasu a shekara ta 356, wata rana ƙosawa ta rufe shi har ya yi kuka ga Allah. Sai ya ga wani mai kama da shi zaune yana tufka igiya, ya tashi ya yi addu'a, ya koma ya ci gaba da tufka, ya sake tashi. Aka ce masa ya yi haka zai tsira. An kuma ba da labarin Abba Bulus, wanda ke zaune tafiyar kwana 7 daga gari mafi kusa, yana da dabino da ɗan lambu da ke ciyar da shi, kuma kuɗin ɗaukar kaya zuwa kasuwa ya fi kuɗin kayan. Duk da haka kullum sai ya yi saƙarsa ta ganyen dabino, in shekara ta zagayo kogo ya cika ya sa wuta ya ƙone, ya fara sabuwa. Ɗan kasuwa zai ce wannan asara ce. Dattijon ya san abin da yake saye da ita.

Mataki na huɗu Ebagar ya koye shi a kan gadon jinya a Birnin Ƙudus: a faɗa wa wani. Ruhubanawa sun mai da wannan al'ada, ƙarami ya je wurin dattijo ya buɗe masa tunaninsa tun kafin ya zama aiki, domin sun lura mugun tunani yana ƙiba ne a ɓoye, in an fito da shi fili sai ya saki. Sun kuma san ba kowane mai furfura ya cancanci a buɗe masa ciki ba. Wani saurayi ya faɗa wa wani tsoho cewa sha'awa na damunsa, tsohon ya zazzage shi, ya ce bai dace da zuhudu ba. Yaron ya yanke ƙauna ya kama hanyar gari. Abba Afollo ya gamu da shi, ya ga fuskarsa, ya yi ta lallashinsa har ya yi magana, sa'an nan ya ce masa shi ma da tsufansa yana fama da irin wannan, ya roƙe shi ya jinkirta tafiyar kwana ɗaya tak. Wannan kwana ɗaya ya mai da shi ɗakinsa.

Wanda ya adana labarin Bulus da na Afollo shi ne Yohana Kasiyan, wanda ya yi shekaru a hamadar Masar, daga baya ya sauka Marsai a kudancin Faransa wajen shekara ta 415, ya kafa gidajen ibada biyu, na maza da na mata, ya rubuta koyarwar hamada da Latinanci. Ya kawo misalai biyu daga bakin wani dattijo mai suna Abba Musa. Na farko, zuciya kamar dutsen niƙa ce da ruwa ke juyawa: ba ta tsayawa, amma mai niƙa ke zaɓen abin da zai zuba, alkama ko sha'ir ko ƙwayar muguwar ciyawa. Wanda ya yini yana zuba jita-jita da ƙorafi kada ya yi mamakin garin da zai kwasa da dare. Na biyu, mutum ya zama kamar ƙwararren ɗan canji. In an miƙo masa tsabar zinariya yakan duba ko zinariyar gaske ce ko tagulla aka shafe, ya duba hoton sarkin da ke kai, ya duba ko a gidan buga kuɗi na halal aka buga ta, sa'an nan ya ɗora ta a ma'auni ya ga ko nauyinta ya cika. Mutumin da ba zai karɓi takardar jika goma ba sai ya ɗaga ta ya duba a haske, shi ne kuma zai karɓi labarin cewa rayuwarsa ta ƙare ba tare da ya juya shi ko sau ɗaya ba.

Kasiyan ya kuma rarrabe baƙin ciki iri biyu, bisa koyarwar manzo Bulus cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa. Akwai wanda ke sa mutum nadamar laifinsa ya gyara, kuma ana gane shi da cewa mai shi yana da taushin hali, yana da sa zuciya. Akwai kuma mai ɗaci, mai sa ƙunci da fushi, wanda ke hana addu'a ya kai ga yanke ƙauna, irin wanda ya ce ya kama Kayinu bayan ya kashe ɗan'uwansa, ya kama Yahuza bayan ya ci amana. Saboda haka addinin bai ce mutum ya daina ganin kuskurensa ba. In tunani ya ce an yi ha'inci a mudu, a je a gyara, wannan na gida ne. In ya ce an riga an ɓace, gyara ba shi da amfani, wannan jabu ne komai kamarsa da tsoron Allah.

A nan ne bangaskiya take shiga, domin a ganin waɗannan mutane dabara kaɗai ba ta isa. Ebagar ya sa girman kai a ƙarshen jerinsa da gangan: shi ne ke zuwa bayan an ci sauran, ya ce wa mutum da ƙarfinsa ya yi nasara. Don haka ya ce bayan an lura da tunani a roƙi Almasihu ya bayyana ma'anarsu. Kirista yana iya ƙaryata tunanin da ke ce masa ba shi da daraja, domin ya gaskata darajarsa tana wurin Allah da ya halicce shi ya kuma karɓe shi, ba ta hawa da sauka tare da farashin kaya ko fuskar shugaba. Da wannan tabbaci yake samun wurin tsayawa sa'ad da yake mayar da amsa.

Tarihi bai yi wa Ebagar sauƙi ba. A shekara ta 553, zamanin sarki Yustiniyan, taron shugabannin majami'u ya la'anci wasu ra'ayoyinsa game da asalin rayuka da makomarsu, waɗanda ya gada daga malamin Iskandariya Orijen. Da yawa cikin littattafansa suka ɓace a harshen Girka, aka same su cikin fassarar Suriyanci da Armeniyanci, wasu kuma aka yi ta kwafarsu da sunan wani malami, Nilus. Amma jerin nan na 8 ya rayu ta hannun Kasiyan, har Paparoma Girigori na ɗaya, wanda ya hau a shekara ta 590, ya sake tsara shi ya zama manyan zunubai 7 da Kiristocin Turai suka sani. Cikin shekarun 1960 kuma wani likitan ƙwaƙwalwa a Filadelfiya ta Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna da wasu tunani da ke faɗo musu da kansu, masu muni game da kansu da duniya da gobe. Ya koya musu su kama tunanin, su rubuta shi, su auna shi da hujja, su rubuta amsa a gefensa. Wannan hanya ta bazu a gidajen likita na ƙasashe da yawa. Beck bai yi zancen shaiɗanu ba, amsarsa kuma daga hujjar hankali take fitowa, ta Ebagar daga Littafi. Duk da haka masana da dama sun lura da yadda takardar likitan ta yi kama da littafin mai zuhudun.

Akwai iyaka da ya kamata a faɗa. Kasiyan da kansa ya yarda cewa wani baƙin cikin yakan sauko ba tare da wani dalili da ake gani ba, har mutum ya kasa karɓar baƙuncin masoyansa. A yau an san cewa in irin wannan ya wuce sati biyu, ya hana barci da ci da aiki, ko ya kai mutum ga tunanin halaka kansa, ciwo ne da ke bukatar likita, kuma zuwa gidan likita ba raunin bangaskiya ba ne. Ebagar ma ya gane jiki yana da haƙƙi, ko da yake a makare: tsananin azumi da ƙin dafaffen abinci sun lalata masa ciki, har a shekarunsa biyu na ƙarshe dole ya koma cin dafaffe. Shi ne kuwa ya rubuta cewa kowane magani a yi shi a lokacinsa kuma da gwargwado, domin abin da ya wuce kima ba ya ɗorewa.

Haka kuma babu ayar da ke biyan bashi ko ta fito da kaya daga hannun duwan. Ɗan kasuwan nan da ke kwance idonsa biyu, in gari ya waye bashin yana nan yadda yake. Abin da koyarwar hamada ke ba shi shi ne ya iya raba jimla biyun da suka faru da dogon labarin da aka ɗora musu, ya kira mai labarin da sunansa, ya mayar masa da amsar da ya tanada, ya ƙi sayar da komai ko rantsuwa a kan komai kafin rana ta fito. Da safe ya buɗe rumfa a kan lokaci, ya nemi dattijon da ya yarda da shi ya faɗa masa halin da ake ciki, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa wurin mai bashin tun kafin a sake aiko yaro.